Madugu, jagora da kufai: tarihin kai baƙi tsofaffin garuruwan Abzin da Kawar

1. Gabatarwa

Daga shekarun 1970 zuwa 2007, in an cire shekarun tawayen farko, akwai wani zagaye da motoci kan yi kowace shekara lokacin ɗari a arewacin Nijar. Su tashi daga Agadas, su shiga duwatsun Abzin ta Timiya, su ya da zango a kufan Asode, su faɗa Tenere, su ɓulla Fashi da Bilma, sa'an nan su haura arewa ta Dirku da Sigidin har Shirfa, inda kangayen Jado da Jaba suke. Baƙin da ke cikin motocin galibinsu mutanen Faransa ne da Italiya da Jamus. Masu tuƙi da masu dafuwa da masu nuna hanya kuwa ƴan ƙasa ne: Abzinawa, Tubawa, Barebari da Hausawan Agadas. Abin da baƙon ya koma gida da shi game da tarihin waɗannan wurare daga bakin mutanen nan ya ji shi, cikin faransancin da da yawansu a kan aiki suka koya.

Mai wannan maƙala malamin harshe ne, saboda haka ta ƙofar kalmomi da sunayen wurare zai shiga maganar. Ra'ayin da muke son karewa shi ne cewa babban rabo na abin da aka rubuta a kan garuruwan hamada ta bakin jagora ya biyo, amma da wuya a auna wannan majiya yadda ake auna rubutun Larabawa ko na Turawa. Muna kuma ganin sana'ar yawon buɗe ido ta sāke maganar jagoran kansa, ta kuma zaɓi wuraren da duniya za ta sani da waɗanda za a bari a baya.

2. Kalmomin aiki

Hausa ta raba abin da faransanci ya haɗa cikin kalmar « ruines ». Kango gini ne da mutane suka fita suka bari tsaye, bango na nan ko da rufi ya rufta. Kufai kuwa wurin da gari ya taɓa zama ne, ko da babu bangon da ya rage, sai tsingaro da toka da tudun juji da tsofaffin rijiyoyi da makabarta. Bisa wannan rabo, Jado kango ne, Marandat kufai ne, Asode na tsakani. Za mu ga a gaba cewa mai yawon buɗe ido kango yake biya ya gani, alhali kufai ne ya fi ba mai bincike labari.

Kalmar « ksar », jam'inta « ksour », da Faransawa ke kiran gine-ginen Kawar da ita, daga larabcin Magrib suka ɗauko ta. Asalinta qasr, wadda masana ke mayarwa ga kalmar latin castra, wato sansanin soja. In aka fassara ta da « château », sai baƙo ya zaci fadar wani basarake ce irin ta ƙasarsu. Abin da ke Kawar kuwa gari ne mai cunkoson ɗakuna a kan tudu, ko ganuwa ta ajiya da mafaka. A Fashi, wadda Peter Fuchs ya yi nazarin tattalin arzikinta (1983), cikin ganuwar rumbuna ne na yumɓu inda iyalai ke ajiye hatsi da dabino, su kuma fake a nan in mahara sun zo. Kalmar Hausa da ta fi kusa ita ce birni. Ɗaya sunan Fashi ma, wato Agram, daga kalmar harsunan Amazig mai ma'anar gari ya fito.

Game da mai nuna hanya, Hausa na da kalmomi uku da bai kamata a cuɗa su ba. A ayarin fataken goro na Gwanja, madugu shi ne shugaban tafiya: shi ke shirya ta, shi ke magana da sarakunan hanya, shi ke biyan fito da kuɗin zango. Jagaba shi ke wucewa gaba. Jagora kuma, kamar yadda ginin kalmar ya nuna (ja da gora), asalinsa mai jan sandar makaho ne. Kel Ewey na Abzin sun ari kalmar madugu, da ita suke kiran wanda ke kai ayarin gishiri Fashi da Bilma, ayarin da su suke ce wa taghlamt, Faransawa kuma suka liƙa masa sunan « azalaï » da suka ɗauko daga ayarin Tambutu da Tawdanni. Madugu na da iko a kan waɗanda yake ja. Wanda kamfanonin Agadas suka kira « guide » kuwa ma'aikaci ne, baƙon da yake ja shi ke biyansa. Ga shi da sanin madugu, amma matsayinsa na jagora ne, kuma wannan na da tasiri a kan irin labarin da zai bayar.

3. Jagora cikin tsofaffin rubuce-rubuce

Labari mafi daɗewa a kan Kawar shi ne na Ibn Abdul Hakam, wanda ya rasu a 871. Ya ce Uƙba bin Nafi'u ya kai hari Kawar wajen shekara ta 666, ya ci garuruwanta masu ganuwa, ya aza wa sarkinta jangalin bayi 360. Masana tarihi na shakkar filla-fillar labarin, don adadin nan na 360 da irin wulaƙancin da aka yi wa sarki sun maimaitu a Waddan da Fazzan kamar an bi tsari guda. Abin da ya dame mu a nan shi ne ƙarshensa: da Uƙba ya tambaya ko akwai wasu mutane gaba, jagoransa ya ce bai san hanyar gaba ba, sai rundunar ta juya. Ko labarin gaskiya ne ko ƙagagge, wanda ya rubuta shi ya ɗauka cewa iyakar sanin jagora ita ce iyakar yaƙi.

Al-Idrisi (1154) ya lissafa garuruwan Kawar, irin su Alƙasaba da Ankalas, ya kuma yi maganar cinikin alif da ake kai wa Masar da Magrib. Bai taka ƙasar ba, daga bakin fatake ya tattara. Dierk Lange da Silvio Berthoud (1977) sun bi sunayen a ƙasa, suka daidaita Alƙasaba da kufan Gasabi. Girgam na sarakunan Kanem shi ma ya ambaci Dirku da Sigidin tun zamanin Mai Arku, cikin ƙarni na 11, inda ya ce ya zaunar da bayi 300 a kowannensu.

Ibn Battuta ya fi su amfani ga maganarmu, don shi ya yi tafiyar da kansa. A hanyar Tagaza zuwa Walata, cikin 1352, ya yi mamakin cewa jagoransu ido ɗaya gare shi, ɗayan ma ba lafiya, amma ya fi kowa sanin hanya. Bai ba mu sunansa ba.

Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdul Karim, ya shiga Agadas cikin Oktoba 1850 ya yi kusan mako uku. Hamma ne ya kai shi, surukin Annur, babban Kel Ewey na Tintellust. Barth ya lura cewa Kel Ewey na jin Hausa kamar harshensu, kuma da Hausa ya yi yawancin hulɗarsa a Abzin. Ke nan labarin Abzin da Turai ta fara karantawa dalla-dalla ta Hausa ya ratsa kafin ya zama jamusanci da ingilishi. Ya tarar da Agadas rabinta kangaye, ya ƙiyasta mazaunanta wajen 7.000, ya ga hasumiyar babban masallaci da aka sāke ginawa a 1844. Ya kuma tattara kalmomin Emgedesi, harshen mutanen garin na dangin Sonwai, wanda daga baya Hausa ta maye gurbinsa, P.-F. Lacroix ya koma kan wannan jerin kalmomi a 1981. Asode kuwa, mazaunin Anastafidat na Kel Ewey, tun lokacin Barth yawancin gidajensa babu kowa. Francis Rodd, da ya zaga Abzin a 1922, ya same shi kufai, bayan yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar Faransawa sun watse garuruwan dutse.

Ta gefen Kawar, Denham da Clapperton da Oudney sun ratsa a farkon 1823, Nachtigal a 1870, Hanns Vischer (wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa) a 1906. Dukansu babbar hanyar Murzuk zuwa Borno suka bi. Jado na gefe, wajen yamma, kan hanyar Gat da Janet. A ganinmu wannan na cikin dalilan da suka sa wurin da ya fi kowane shiga hoto a zamaninmu ya fi kowane ƙarancin shaida a rubuce.

4. Takadda da Maranda

A nan ne maganar ta fi nauyi ga mai nazarin Hausa. Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353. Ya ce gidajenta da jan dutse aka gina su, ruwanta ya sāke launi da ɗanɗano don yana bi ta kan ma'adinin jan ƙarfe. Ya bayyana yadda ake narka ƙarfen a gidaje, a zuba shi sanda-sanda, masu kauri 400 a mithƙali guda na zinariya, sirara 600 ko 700, kuma da su ake sayayya a kasuwa. Ya ce ana kai shi Kubar da Zagai da Borno. Yawancin masana sun karanta Kubar a matsayin Gobir. In haka ne, wannan na cikin ambato mafi daɗewa na wata ƙasar Hausa a rubutun Larabci.

To ina Takadda take? Matsalar ta suna ce. A Tamajak, tegidda kwari ne inda ruwa ke taruwa, kuma a yammacin Agadas akwai wurare da yawa masu wannan suna: Tegidda-n-Tesemt (ta gishiri), Tegidda-n-Adrar (ta dutse), Tegidda-n-Tagait (ta goruba). Duk wanda ya tambayi jagora Takadda, jagora na iya kai shi ɗaya daga cikinsu da zuciya ɗaya. Brouin (1950) da Raymond Mauny (1961) sun nuna Azelik. Henri Lhote (1972) ya ƙi, ya ce Tegidda-n-Tesemt ce, har ya kai ga cewa abin da Ibn Battuta ya gani gishiri ne, jan ƙarfen kuskure ne. Aikin Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer (1976) ne ya kashe gardamar: a Azelik an samu ma'adinin, an samu kashin narka, an samu masallatai da makabartu da tushen gine-ginen dutse. Daga 1977 zuwa 1981 aka gudanar da shirin tonon gaggawa na yankin Ingal da Tegidda-n-Tesemt, wanda neman uraniyom ya tilasta, aka buga sakamakonsa cikin jerin Études nigériennes na cibiyar IRSH ta Yamai, har da kundin Bernus da Cressier (1991) a kan Azelik.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi biyu ne. Na ɗaya, babban kufan ana ce masa Azelik wan Birni: mahaɗin na Tamajak ne, birni kuma kalma ce da Hausa da Barbarci suka yi tarayya a kanta. Sunan da makiyaya ke faɗi kullum ya riga ya ce nan gari mai ganuwa ne, tun kafin a sa cebur. Na biyu, Bernus da Gouletquer ba su tsaya ga ƙasa kaɗai ba, sun saurari mutanen Ingal da Tegidda-n-Tesemt, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Azelik suka taso bayan yaƙi da sarautar Agadas. Mutanen nan na magana da Tasawak, harshen Sonwai ta arewa mai cike da kalmomin Tamajak, wanda Robert Nicolaï ya yi aiki a kansa, Ousseina Alidou ma ta yi masa kundi a jami'ar Yamai a 1988. Harshen da kansa shaida ne: tsibiri ne na Sonwai a tsakiyar ƙasar Tamajak, ɗan'uwan Emgedesin da Barth ya ji a Agadas.

Marandat na kudu da Agadas, a gindin tsaunin Tigidit. Yaƙubi a ƙarni na 9 ya ambaci Maranda, Ibn Faƙih da Ibn Hauƙal suka sa ta kan hanyar da ta haɗa Gao da Masar. Lhote, wanda ya ɓata a Takadda, a nan ya yi dace: ya tarar da dubun dubatar ƴan ƙananan kasake na yumɓu da aka narka jan ƙarfe a ciki, Danilo Grébénart kuma ya ci gaba da aikin. Djibo Hamani, cikin littafinsa na 1989 a kan sarautar Ayar, ya danganta Maranda da Gobirawa, bisa labaran gargajiya da ke cewa daga Abzin suka gangaro kudu, ta Birnin Lalle. Ana iya gardama da wasu matakan hujjarsa, amma tambayar ta zauna: mutanen da ke Tibiri da Tsibiri da Sabon Birni a yau na da rabo cikin wannan kufai.

Amma ga abin da ke akwai: Marandat da Azelik ba su cikin babban zagayen da muka bayyana a farko. Babu hasumiya, babu bango mai tsawo, babu tulin rairayi a bayansu da zai yi kyau a hoto. Wanda bai san abin da yake kallo ba, fili zai gani da duwatsu.

5. Zamanin kat-kat

Ayarin motocin Berliet na 1959 zuwa 1960 ya ratsa Tenere tare da masu bincike, ya tattaro kayan dutse masu yawa, musamman a Adrar Bus, aka buga rahotonsa a 1962 ƙarƙashin H.-J. Hugot. Daga nan aka gane mota na iya kai mutum inda raƙumi ke kwana da kwanaki. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun raba makiyaya da dabbobinsu, suka turo samari Agadas da Arlit neman aiki, ga su da sanin rijiyoyi da taurari da launin ƙasa. Tseren Paris-Dakar, da ya bi ta Agadas tun karonsa na farko a 1979 ya kuma ratsa Tenere a 1983, ya tallata yankin a talabijin na Turai. Mano Dayak, mai kamfanin Temet Voyages, shi ne fitaccen wannan zamani, kafin ya zama ɗaya daga shugabannin tawaye ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin Disamba 1995. Filin jirgin Agadas na ɗauke da sunansa. UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 sana'ar ta farfaɗo, jirage na zuwa Agadas kai tsaye daga Faransa lokacin ɗari.

Ba za a raina abin da wannan ya kawo ba. Gidaje da yawa sun ci daga gare shi, maƙeran azurfa sun samu kasuwa, kuma masu bincike da kansu da motoci da jagororin kamfanonin nan suka yi aiki. Raƙuman dawa na Dabus, da aka sassaƙa a dutse, babban ya haura mita 5, da makabartar Gobero da ayarin Paul Sereno ya gano a 2000, duk da taimakon mutanen ƙasa aka kai gare su.

Illar farko ita ce wadda David Henige ya bayyana tun 1973 game da labaran baka, muna iya kiranta komowar labari. Baƙo ya karanta Lhote ko Rodd kafin ya taso. Ya yi wa jagora tambaya da amsarta a ciki. Jagora, wanda abincinsa ke hannun baƙon, ya riƙe amsar, baɗi ya ba wani baƙon ita a matsayin abin da kakanni suka ce. Bayan shekara ashirin ɗalibinmu ya je da rakoda ya ɗauko maganar, ya rubuta a kundinsa cewa gargajiya ta tabbatar da littafi, alhali littafin ne ya je ya dawo. Maganin wannan ba wuya gare shi a faɗi: kafin a tambayi mutum tarihin wuri, a tambaye shi tarihin kansa, ko ya taɓa aikin kai baƙi, da wa, cikin wane harshe, daga wa kuma ya ji labarin. Tsohuwar da ba ta taɓa hawa kat-kat ba da jagoran da ya yi shekara goma sha biyar a cikinta majiyoyi ne iri biyu, kowace da amfaninta, amma ba a zuba su tukunya guda.

Illa ta biyu ta kaya ce. Tsinin kibiya na dutse, gatarin dutse, dutsen niƙa da ɗansa, tsakiyar ɓawon ƙwan jimina: a Tenere waɗannan a sarari suke, babu buƙatar tono. Baƙi sun ɗiba, yara sun tara sun sayar, an jera su a kantunan Agadas. Abin da aka ɗauke daga inda yake ya rasa rabin maganarsa, don mai ilimin kufai da matsayin abu kusa da ɗan'uwansa yake karatu. Dokar kare kayan gadon ƙasa ta 1997 ta zo bayan an yi ɓarna mai yawa, kuma wanda ya san abin da ya samu kufan Bura a yammacin ƙasar, inda Boubé Gado ya yi tono a 1983 kafin mahaƙa su afka masa, ya san iyakar doka a wurin da babu mai tsaro.

6. Jado

Jado tulin ɗakuna ne na dutse da laka mai gishiri, hawa bisa hawa a kan tudu, ga lunguna, ga dabino da tabkuna a gindi. Jaba na kusa da shi, ƙarami amma ya fi tsari. Dalilan da aka fi bayarwa na watsewarsu su ne hare-hare da masassarar sauro daga ruwan da ke kwance. Mutanen Shirfa da Tubawa na zuwa cirar dabino, ke nan wurin na da masu shi. Nijar ta sa tudun Jado cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a 2006. Tsohon garin Agadas shi ya samu shiga a 2013.

In aka tambayi wanda ya gina Jado, amsar da aka fi ji ita ce Sau. Ɗalibin da ya karanta tarihin Borno ya san cewa a ƙasashen Barebari ana danganta kusan kowane tsohon gini da kowace babbar tukunya ga Sau, har zuwa kudancin tafkin Cadi. A irin wannan amfani kalmar na nufin mutanen da suka riga mu, kamar yadda Bahaushe kan ce mutanen da, ko ya ce aikin maguzawan farko ne. Jagora ya faɗi gaskiya cikin ma'anar harshensa. Mai fassara ne ya mai da ita sunan wata ƙabila mai iyaka da shekaru, takardun talla kuma suka ƙara mata gishirin asiri.

Tawaye na biyu (2007 zuwa 2009) da sace ma'aikata a Arlit cikin Satumba 2010 sun tsayar da zuwan baƙi. A 2014 aka gano zinariya a yankin Jado, dubban mutane suka kwarara daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Direbobi da jagorori da yawa sun koma jigilar mahaƙa ko ta matafiya zuwa Libiya. Waɗanda suka fara aikin kai baƙi a shekarun 1970 sun tsufa, kuma su ne kaɗai suka haɗa sanin madugu na da da sanin abin da masu bincike suka nema a kowane wuri.

Sunayen da ke kansu ba su cikin taswira yadda suke faɗinsu. Taswirar Faransawa ta rubuta « dj » inda muke da j, « ch » inda muke da sh, ta mai da sautin gh na Tamajak « r » ko « rh », ta rubuta Tegidda-n-Tesemt ta hanyoyi da dama, ta kuma riƙe suna guda ga wurin da Barebari da Tubawa da Abzinawa da Hausawa kowa ke da nasa. Aikin da sashenmu zai iya ɗauka tare da abokanmu na tarihi da na IRSH shi ne kundin sunaye: kowane kufai da kowace rijiya, sunanta cikin kowane harshe, a rubuce da rubutun sauti, da murya a rakoda, da sunan wanda ya faɗa da sana'arsa. A fara da Marandat da Azelik, don sun fi Jado kusa da Agadas, akwai kuma rahoton tono da za a gwada maganar baka da shi.